Kwanon Naman Suna da Bindigar Maƙwabci

Tun da na dawo Kazaure ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta gama gyara zama sai ta ce, "To Hajiya Asabe, yaya Amurka?" In ce lafiya lau. A ce a'a, ba wannan ba, a ba mu labari. Na gutsura wa wannan, na gutsura wa waccan, sai na lura kowace na dariyar take ɗauka ta tafi da shi, na tashin hankalin a bar mini. Har na ji ana cewa wai kare ya kore ni a filin jirgi na yar da ɗankwali. Ƙarya ce, ɗankwalina bai faɗi ba. To ga labarin nan tun daga farko, wadda ta sake tambayata bayan wannan sai dai ta yi haƙuri.

Safiya, 'yata ta uku, ita ce ke aure a can. Mijinta Mansur ɗan Babura ne, ya daɗe a ƙasar har ya samu takardar zama ɗan ƙasa, yana aiki a wani kantin magani. Cikinta na fari ne. Da a gida take, ai goyon ciki za ta zo in kula da abata, amma tun da ba dama sai aka ce ni in je in yi mata wankan jego. Saura sati biyu in tashi ta bugo mini waya, na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Mama, in kin zo akwai aikin da za ki yi mini ban da wanka."

"Wane aiki?"

"Yana so ya sayi bindiga."

Na ce, "Bindiga? Farauta ya koma, ko sintiri aka sa shi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wata rana ta fito daga kanti da tsohon cikinta, wani ƙato ya biyo ta har bakin mota yana zage-zage saboda hijabinta, yana dukan gilashi da tafin hannu. Bai taɓa ta ba, amma tun ranar Mansur ba shi da zance sai na bindiga. Ta ce, "Na yi magana har na gaji. Ke kaɗai yake jin nauyi. Mama, ba na son in raini ɗa a gidan da abin nan yake."

Na ce, "Ki bar mini shi." Da ƙarfi na faɗa, amma ina ajiye wayar gabana ya faɗi. Ni da Mansur tun da aka ɗaura aure ba mu taɓa haɗa ido ba. Ya durƙusa ya gaishe ni yana kallon ƙasa, in amsa ina kallon bango, shi ke nan. Ta ina zan fara yi wa suruki faɗa a cikin gidansa?

Ana gobe zan tafi ƙanena Malam Idi ya zo daga Gwiwa a kan babur yin sallama. Na yi kuskure na gaya masa. Sai ya tafa hannu ya ce, "Ai gara shi, Yaya! Mu da muke kwana kunne a buɗe saboda abin da ke faruwa a maƙwabta, da gwamnati za ta bar kowa ya riƙe tasa, wa zai shigo mana gari?" Na ce masa shi da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya rufe ido. Muka rabu yana ce mini in dubo masa farashi.

Daga Kazaure zuwa Kano ba wani abu, sai zafi da 'yan tsaye-tsaye. Daga Kano jirgi zuwa Abuja, daga nan wani babba, sannan aka sauke mu a wata ƙasa muka yi zaman awa shida a kan kujerun ƙarfe, aka sake ɗora mu a wani. Na zauna kusa da wata Bayarabiya mai kirki, ita ta nuna mini yadda ake buɗe ƙofar banɗakin jirgi, bayan na yi ta turawa alhali naɗewa take yi. Abincin kuwa kada ma a tambaya. Wani abu aka kawo fari-fari kamar an dama tuwo an manta ba a tuƙa ba. Na mayar da murfin na ci dabinona.

A filin jirginsu ne aka yi wadda ake ta yayatawa. Ina cikin layi da akwatuna biyu, sai ga wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa da igiya a wuya, ya zo ya zauna daram a gaban akwatina. Na ce, "Kai, tafi can!" Bai tafi ba. Ma'aikaciyar da ke riƙe da shi ta yi murmushi ta ce in biyo ta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci a firamare, amma nasu ta hanci yake fita, sai an maimaita sau uku nake kama ɗaya. Suka buɗe kaya. Kilishin da na sa aka yi mini musamman, sun ɗauke, wai nama ba ya shiga. Busasshen ganyen darbejiya na wanka, sun ɗauke. Daddawa suka sansana, suka kalli juna, suka bar mini. Da aka zo kan kanwa sai wani babba ya sa safar hannu ya ɗaga ƙullin yana juyawa. Na ga fuskarsa ta sauya, sai na ɓantari kaɗan na lasa a gabansa, na shafa cikina na yi masa alamar mai jego. Ya yi dariya har yana riƙe tebur. Ni ban yi ba, don idona yana kan bindigar da ke ƙugunsa, ita ce ta farko da na gani a ƙasar.

Mansur ya zo ɗaukata. Ya durƙusa a tsakiyar mutane ya ce, "Hajiya, sannu da hanya," Turawa suna kewaye shi da kekunan kaya. Na ce, "Yauwa, mun same ku lafiya?" Maganar da muka yi ke nan har gida, tafiyar awa biyu cikin gonakin masara da ba su da iyaka. Sunan jihar ba zan faɗa ba, don duk sanda na faɗa sai Safiya ta gyara mini.

Gidan na katako ne, in ka taka sama na ƙasa ya ji. Ba zaure, ba katanga a gaba, sai ciyawa da ɗan shingen katako a baya. Unguwa tsit kamar an yi rasuwa. Kwana uku ban ji muryar mai talla ba, ban ji kukan akuya ba, ban ga wani ya leƙo ya ce ina kwana ba. Abin da na gani shi ne alluna, an kafa su a kan ciyawar ƙofar gidaje, wasu ja wasu shuɗi. A kan wasu an zana bindiga. Gidan da ke jikin namu ta dama yana da tuta a ƙofa da jan allo har biyu, sai na sa wa maigidan suna Mai Tuta. Dogon tsoho ne, ba ya gaisuwa, sai dai ya ɗaga haɓa.

Ranar da muka je babban kanti sayen kayan jariri na ga abin da ya ɗaga mini hankali. Wani mutum a gabanmu a layin biya, ya tura keke cike da madara da burodi, 'yarsa ƙarama tana zaune a ciki, ga ƙaramar bindiga a ƙugunsa a fili. Ba kaki, ba komai, gajeren wando ne ma a jikinsa. Na damƙi hannun Safiya na ce, "Ɗan sanda ne?" Ta ce a'a. Na ce, "To ɗan fashi ne?" Ta ce, "Mama, ki daina nuna shi da baki." Ba wanda ya ko waiga. Mai karɓar kuɗi har wasa take yi wa yarinyar.

A mota Mansur ya yi bayani. Safiya yake wa magana, amma kowa ya san da wa yake. Ya ce a ƙasar kowace jiha tana da nata kundin tsarin mulki ban da na tarayya, kuma a zaɓen da ke tafe za a tambayi mutanen jihar ko sun yarda a rubuta a cikin nasu cewa riƙe bindiga haƙƙi ne na asali. In an rubuta, ko 'yan majalisa sun sauya nan gaba, zai yi musu wuya su kawo dokar da za ta takura wa masu bindiga. Masu jan allo suna so, masu shuɗi ba sa so. Safiya ta ce, "Kai wanne za ka dangwala?" Ya ce, "Mutumin da ya bi ki ba ya jiran zaɓe, yana da tasa tuntuni. Mu ne kawai hannu rabbana." Na juya ina kallon taga. Abin haushin shi ne maganarsa ba ta mahaukaci ba ce, kuma kusan irin ta Malam Idi ce, sai dai shi Idi yana jiran gwamnati ta ba shi izini, su kuwa nan so suke su rubuta a takarda cewa gwamnati ba ta isa ta hana ba.

Na yi kwana biyar ina juya yadda zan ɓullo masa. Da na rasa, sai na yi irin tamu. Ranar Asabar da hantsi yana falo yana shan shayi, mu muna kicin ina daka citta, ƙofa a buɗe. Na ɗaga murya daidai yadda za ta kai falo na ce, "Safiya, na taɓa ba ki labarin Yaya Binta?" Ta san labarin sarai, amma ta ce a'a.

Na ce a Roni muka tashi, gonarmu a gindin dutse, birai suna sauko mana su yi ɓarna a gero. Babanmu yana da bindigar toka ta korar su. Mutum ne mai tsantseni, ba ya barin kowa ya taɓa ta, kullum tana jingine a bayan ƙyauren ɗakinsa. Wata safiya ya ɗura ta zai fita, sai aka yi sallama da shi a zaure, ya jingine ta ya ce yanzu zai dawo. Yaya Binta ta shiga shara, shekararta goma sha huɗu, an riga an kawo kayan sa ranarta. Ni ina tsakar gida ina wanke kwanuka, ina da tara. Tsintsiya ce ta taɓa ta ko ƙyauren ne, Allah kaɗai ya sani. Na dai ji ƙarar, na ga kaji sun watse. Babanmu ya rayu shekara ashirin bayan nan, bai ƙara shiga ɗakin ba, kuma bai ƙara cin tuwon gero ba. Na ce, "Ba ɓarawon da ya taɓa shigo mana gida, Safiya. Bindigar nan mutum ɗaya ta kashe a rayuwarta."

Ban yi niyyar kuka ba, amma sai da na yi. Daga falo ban ji ko motsin cokali ba. Can sai na ji ya tashi ya hau sama a hankali.

Bayan kwana tara Safiya ta haihu, mace, lafiya lau. Asibitinsu sai dai a ce madalla, ban da wani abu guda: ruwa mai ƙanƙara suka miƙo wa mai jego. Na karɓe kofin na ce ba a gabana ba. Da muka koma gida na shiga aikina. Ba tukunyar wanka, ba itace, ruwan zafi daga famfo yake zuwa, sai na ƙara da na tukwane huɗu a kan murhu, na yi amfani da tawul tun da an ƙwace mini ganye. Na dama kunun kanwa. Ranar da na kunna turaren wuta wata na'ura mai gano hayaƙi a rufin ɗaki ta ɗauki ihu, na fito da jaririya a guje ba takalmi, Mansur ya hau kujera yana yi mata fifita da tire.

A cikin kwanakin nan na yi ƙawa ɗaya, matar Mai Tuta. 'Yar tsohuwa ce farar fat, kullum da hantsi tana bayan gidansu tana ba shukokinta ruwa, ni kuma ina shanya a bayan namu. Ta ɗago mini hannu, in ɗago mata. Kunnenta ya yi nauyi, nawa Turancin ba ya shiga, sai murmushi. Ranar da ta ga kayan jariri a kan igiya ta tafa hannu, ta tsinko tumatir manya guda biyar, na ƙarshen shukarta, ta miƙo mini ta saman shinge. Na yi miya da su.

Ragon suna a wata gona aka saya, bayan gari. Na bi Mansur don in zaɓa da kaina, don na san ramamme zai ɗauko. Manomin ya karɓe mu hannu biyu, ya san yankan Musulmi, har ya nuna mana gabas. A bayan kujerar motarsa ga dogayen bindigogi biyu a rataye kamar sandunan kiwo. Na saci kallon Mansur, na ga shi ma ya kalla, sai ya kawar da kai.

Ranar suna da safe limamin masallacinsu ya zo da mutum goma sha biyu, 'yan Nijar da 'yan Ghana da Bahaushe ɗaya ɗan Zariya. Muna sama muna jira. Safiya ba ta san sunan da zai sa ba, ya ɓoye mata. Sai ga shi ya hawo, ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa ya ce, "Hajiya, an raɗa suna. Fatima ce. Binta za a riƙa kiranta, in kin yarda." Ya juya ya sauka da sauri. Na rungume yarinyar. Safiya ta bi shi, ta dawo tana share ido ta ce, "Mama, ya ce in gaya miki ya bar maganar. Ba zai saya ba." Wallahi tun da na sauka a ƙasar ban yi numfashi mai daɗi irin na lokacin ba. Na ce a raina aikin da ya kawo ni ya ƙare, saura wanka.

Da a nan na tsaya da an zauna lafiya. Amma kun san ni.

Bayan azahar baƙi suka watse, Mansur ya tafi mayar da liman. Na soya nama, na kasa na mutane a leda, sai na ɗebi mai kyau, hanta da tsoka, na zuba a kwano mai murfi. Safiya ta ce, "Na wa ne wannan?" Na ce na maƙwabciya. Ta ce, "Mama, nan ba a kai wa maƙwabta abu haka. Ki bari ya dawo ya raka ki." Na ce, "Na ci tumatir ɗin mata, an yanka rago a gidan nan, ƙamshi ya shiga gidanta, sannan in zauna jiran rakiya? Haka na koya miki?" Ga gajiya, barci ya ɗauke ta da jaririya a gefe. Na zumbula babban hijabina mai ruwan toka har ƙasa, na sa kwanon a ciki don kada ya huce, na fita.

Ban bi ta ƙofar gaba ba, kuma har yau in aka tambaye ni dalili zan faɗa. Wurin matar na zo. Ƙofar gaba ta maza ce. Wace mace mai mutunci ce za ta tsaya a bakin titi tana danna ƙararrawa kamar mai kawo takardar wuta? A Kazaure wucewa kike yi ciki kai tsaye da sallamarki. Na ga 'yar ƙofar shinge a gefen gidan, na ɗaga sakata na shiga. Tsohuwar ba ta wajen shukoki. Na ce, "Salamu alaikum." Shiru. Na tafa hannu ɗaya a cinya na sake yi. Na tuna ba ta ji sosai, sai na hau 'yan matakalan katako, na tura ƙofar raga ta baya, na sa kai ciki na ɗaga murya na yi ta uku.

Tsawa na ji daga hagu. Na juya, sai ga Mai Tuta a ƙofar wani ɗaki, ya saita ni da doguwar bindiga mai baki biyu. Tsakanina da bakinta bai fi taku huɗu ba. Ramukan nan biyu baƙi ƙirin, har yanzu in na rufe ido ina ganinsu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yana ta ihu, fuskarsa ta yi ja, ni ban kama ko kalma ɗaya ba. Daga baya aka ce mini cewa yake in fito da hannuwana. Hannuwana kuwa suna cikin hijabi riƙe da kwano, ga shi ya yi tudu a gabana. Turancin shekara talatin da ɗaya ya gudu ya bar ni. Kalmar shahada kawai ke fita, ita ma da ƙarfi, shi kuma ƙara ɗaga bindigar yake yi. Na ga yatsansa a kan kunamar bindigar. Na ce shi ke nan, Asabe, a bayan gidan wani za ki mutu ranar sunan jikarki, kuma taurin kanki ne ya jawo. Sai kwanon ya suɓuce mini, murfin ya yi gefe yana ƙara, nama ya watse a kan dandamalin kicin ɗinsu.

Ƙarar murfin ce ta fito da tsohuwar. Ta dube ni, ta dubi naman, ta dubi mijinta, sai ta yi wata ƙara ta shiga tsakaninmu ta buɗe hannuwa. Ta kama bakin bindigar da hannunta ta danna shi ƙasa tana yi masa faɗa. Ya saki, ya jingina da bango, ya zame ya zauna yana haki. Ita ta kamo ni ta rako ni har gida, ta ƙofar gaba, tana ta shafa mini baya. Muna isowa motar Mansur tana tsayawa.

Ban so ya sani ba, amma ina za a ɓoye? Tsohuwar ta zayyane masa komai tana kuka. Ya saurara har ƙarshe, ya yi mata godiya, ya shiga gida. Safiya ce ta yi ta ihu, har sai da na ce ta yi wa Allah ta tuna ɗanyen jiki gare ta. Shi bai ɗaga murya ba. Na so a ce ya ɗaga.

Washegari Mai Tuta ya zo, hula a hannu, matarsa ta riƙo kwanona a wanke da wani abu mai zaƙi a ciki. Ya ba da haƙuri, Mansur yana fassara wa Safiya don in ji. Ya ce an fasa gidaje biyu a layin a bazarar da ta wuce, ya ce ya ga mutum a rufe ruf da abu a ɓoye ya turo ƙofa. Ya ce ya gode wa Allah da bai danna ba. Sannan ya ƙara da cewa dokar jihar ta ba mutum dama ya kare gidansa, don haka don Allah nan gaba a riƙa danna ƙararrawa. Wannan ta ƙarshen Mansur bai fassara ba, Safiya ce ta gaya mini daga baya. Ya dai yi murmushi, ya miƙa wa tsohon hannu, ya raka su har bakin ciyawa.

Zaɓe ya zo ya wuce, masu jan allo suka ci. Ban tambayi Mansur abin da ya dangwala ba. Na ci gaba da wanka da kunu, ban ƙara leƙa bayan gida ba, shanya ma a na'ura na koma yi. Kullum kunnena yana kan ƙofa, in ya dawo aiki sai na dubi hannunsa. Sati biyu ba komai, har na fara cewa ko Allah ya rufa asiri. Ranar wata Asabar da la'asar na ji ƙarar injin huda katako a ɗakinsu. Da ya fita masallaci na shiga. A saman durowar kaya, can ƙurya, an ɗaure wani ɗan akwatin ƙarfe baƙi da kusoshi, mai maɓallan lamba a gaba, irin wanda ake kulle bindiga a ciki. Safiya tana zaune a bakin gado tana ba da nono, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mama, ba laifinki ba ne." Na ce, "In ba laifina ba ne, me ya sa kika faɗa tun ban tambaya ba?" Na ja ƙofa na fito.

Da aka yi arba'in na haɗa kayana. Sanyi ya riga ya sauko, don haka Safiya da yarinya a gida muka yi sallama, Mansur ya ɗauke ni shi kaɗai, ina kujerar baya. Mun yi fiye da awa muna tafiya. An girbe masarar, gonakin sun zama fili fetal. Sai na ga ya rage gudu, ya ɗago ido ya dube ni ta madubi. Tun da ya auri 'yata ranar ce ya fara kallon idona.

Ya ce, "Hajiya, ki yafe mini. Na yi alkawari na karya. Amma da mutumin nan ya danna, me zan je in gaya wa mutanen Kazaure? In ce kin zo yi mana wanka an harbe ki a kan naman sunan 'yata, ni kuma ina nan hannu biyu?"

Kunya ta riga ta kau, sai ni ma na dube shi. Na ce, "Mansur, tsakaninka da Allah. Ranar nan da ka sauko daga mota ka ji abin da ya faru, da akwatin nan yana gidan, da me za ka yi?"

Ya mayar da ido kan titi. Na ga hannuwansa sun damƙe sitiyari har jijiyoyi sun fito. Na jira ya ce ba abin da zai yi, ko da ƙarya ce in riƙe ta in hau jirgi da ita. Har muka shiga filin jirgi bai ce ba. Ya sauke mini akwatuna, ya durƙusa ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Tsoro nake ji, kuma ba Mai Tuta nake tsoro ba. Shekaranjiya Safiya ta bugo, bayan mun gaisa ta ce, "Mama, wai me kuka tattauna a mota ne? Tun da ya dawo daga raka ki ba ya cin abincin kirki." Na ce mata ba komai, hanya kawai muka yi ta kallo.